Ganye Ashirin da Biyar a Cikin Ambulan



Akwai wani ɗan fure da na tabbata yawancinku kun sha wucewa ta gefensa ba ku ko ɗaga ido kun dube shi ba. Ana shuka shi a harabar asibitoci da makarantu da ƙofar gidajen ma'aikata. Ganyensa kore shar mai sheƙi, furensa kunne biyar, wani fari fat, wani ruwan hoda. Asalinsa daga tsibirin Madagaska yake, amma yau babu ƙasa mai zafi da bai shiga ba. Da labarin wannan fure zan buɗe sharhinmu na yau, domin a cikinsa akwai amsar wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar nan da ake yi a kasuwa da tasha da cikin motar haya: "Ai ganye ne, in bai yi magani ba, ba ya cutarwa."

A shekarar 1952 wani likita a birnin Toronto na ƙasar Kanada, mai suna Clark Noble, ya sami ambulan daga tsibirin Jamaika. Da ya buɗe sai ya tarar da ganyen wannan fure guda 25, tare da bayanin cewa mutanen can suna dafa shi kamar shayi su sha don ciwon sukari. Shi Clark ɗin, in ba ku sani ba, saura ƙiris sunansa ya shiga tarihin gano insulin a 1921. Kwabo aka jefa tsakaninsa da abokinsa Charles Best don a fid da wanda zai fara aiki da Frederick Banting, kwabon ya faɗa wa Best. To, a wannan karon ba shi da ɗakin gwaji a hannu, sai ya tura ganyen ga ƙanensa Robert Noble, wanda ke bincike a Jami'ar Yammacin Ontariyo.

Robert ya jiƙa ganye, ya ɗura wa dabbobin gwaji, ya auna sukarin jininsu. Shiru, ko gezau. Sai ya ce bari a gwada ta allura. Kwanaki kaɗan ɓerayen da aka yi wa allurar suka soma mutuwa, jikinsu duk maruru. Wani mai binciken da nan zai tattara kayansa ya ce ganyen banza ne, ba ya maganin sukari, ga shi kuma yana kisa. Shi kuwa sai ya tsaya ya tambayi abin da ya kashe su. Aka duba jininsu aka ga fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun da ke kare jiki daga cuta, sun zube ƙasa warwas. Aka fasa ƙashi aka duba ɓargo, inda ake ƙera waɗannan ƙwayoyi, aka tarar aiki ya tsaya. Ashe ganyen ne ya kwance wa ɓerayen ɗamara, ƙwayoyin cuta suka shigo suka ƙarasa su.

A nan ne tunanin ya zo. Akwai cutar da matsalarta ita ce fararen ƙwayoyin jini suna hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su cika ɓargo, wato sankarar jini. Abin da ya iya tsayar da hayayyafarsu a jikin lafiyayyen ɓera, me zai yi a jikin yaron da wannan hayayyafa ke neman halakawa? Wani masanin haɗa sinadarai, Charles Beer, ya shigo aikin a 1954, ya yi shekara huɗu yana tacewa yana rairayewa, har a 1958 ya ware sinadarin da aka sa wa suna binbilastin. A Amurka kuma masu binciken kamfanin Eli Lilly suka fid da ɗan'uwansa daga wannan ganye, binkiristin, wanda hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da shi a 1963. A farkon shekarun 1960, yaron da ya kamu da sankarar jini irin wadda ta fi kama yara, da wuya ɗaya cikin goma ya tsira. Yau a ƙasashen da ke da cikakken asibiti, kusan tara cikin goma suna warkewa, kuma binkiristin na cikin magungunan da ake haɗawa. A asibitocin koyarwa na ƙasarmu ma ana ba da shi, har ga yaran da ke fama da ƙarin nan mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wanda likita Denis Burkitt ya fara bayyanawa a Yuganda a 1958.

Ku lura da kyau, jama'a. Gubar ce ta nuna maganin. Da ɓerayen nan ba su mutu ba, da har yanzu furen yana ƙofar gida yana ado kawai. Maganin ciwon daji irin wannan, asalin aikinsa shi ne kashe ƙwayar halittar da ke rarrabuwa da sauri. Matsalar ita ce, ba ƙwayar daji kaɗai ke rarrabuwa da sauri a jikin ɗan Adam ba. Ɓargo na yi, bangon hanji na yi, saiwar gashi na yi. Shi ya sa mai shan maganin gashinsa ke zubewa, bakinsa ya yi miki, jininsa ya yi ƙasa. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Dukan fasahar likita tana cikin ɗan siririn filin da ke tsakanin adadin da zai kashe cutar da adadin da zai kashe mai cutar. Binkiristin ɗin nan, sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a sami giram ɗaya, amma babban mutum ba a cika ba shi fiye da miligiram biyu a zama ɗaya ba. Kuma ta jijiyar jini kaɗai ake ba da shi. In aka yi kuskure aka zuba shi a ruwan laka ta ƙashin baya, kusan kullum mutuwa ce. To ina batun "ai ganye ne"?

Kakanninmu ma ba su taɓa faɗin haka ba. Maharbi ya san daga tsiro yake haɗa dafin kibiyarsa. An san gwaska, an san zaƙami da abin da yake yi wa hankalin matashi, an san ɗiyan zurma ba abin taunawa ba ne, kowace uwa a karkara ta san akwai rogon da sai an jiƙa shi kwana da kwanaki kafin ya ciwu. Tsohon mai magani na gaskiya yakan ce maka ɗan tsinke kaza, kada ka wuce, mai ciki kada ta sha. Wannan magana ta cewa tsiro ba ya cutarwa sabuwa ce, kuma masu lasifika a bayan mota ne suka fi yayata ta.

Yanzu bari in ɗan shigar da ku ɗakin gwajin, don mutane da dama in sun ji an ce "an gwada a dabbobi" ba su san me aka yi ba.

Matakin farko shi ne a ba dabba maganin sau ɗaya, a zuba ido. Tun 1927 wani Bature ɗan Ingila, J. W. Trevan, ya kawo ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi: adadin da zai kashe rabin dabbobin da aka ba. A jami'o'inmu an fi bin hanyar da wani Bajamushe, Dietrich Lorke, ya tsara a 1983, saboda ba ta cin dabbobi da yawa. A kasa ɓeraye tara gida uku, a ba su miligiram 10 da 100 da 1000 a kan kowane kilo na nauyinsu, a jira kwana guda. Daga abin da aka gani sai a ɗauko wasu uku ko huɗu a ƙara musu adadin, har zuwa 5000. Duka-duka ɓeraye goma sha biyu ko sha uku.

Wannan ƙofar gida ce kawai, ba a shiga zaure ba tukuna. Mai ciwon daji ba sau ɗaya yake shan magani ba, watanni yake yi. Don haka sai a koma a riƙa ba dabbobin kullum, kwana 28, ko kwana 90. Ana auna nauyinsu, da abincin da suka ci, da ruwan da suka sha. Ana ɗibar jini a ga halin da hanta da ƙoda ke ciki. A ƙarshe a feɗe su, a yanki hanta da ƙoda da zuciya da saifa da maraina siriri-siriri kamar fatar albasa, a sa a ƙarƙashin madubin likita. A bar wani rukuni ya huta daga maganin, a ga ko ɓarnar tana gyaruwa ko ta zauna ke nan. Sannan a maimaita a wata dabbar da ba dangin ɓera ba, galibi kare. Sai an yi duk wannan ake zama a yi lissafin abin da za a fara ba mutum na farko. Ƙa'idar da ƙasashe suka yarda da ita ga maganin daji ita ce a ɗauki adadin da ya jigata ɗaya cikin goma na ɓerayen, a raba shi goma, a fara da kashi ɗaya. Kuma ba da nauyi tsagwaronsa ake juya lissafin ba, da faɗin jiki ake yi, domin jikin ɓera yana sarrafa magani da sauri fiye da namu nesa ba kusa ba.

Wani zai ce, to in an yi haka shi ke nan an tsira? A'a. Ina so in faɗi wannan da babbar murya, domin ban zo yi wa ɗakin gwaji kirari ba. Ɓera ba mutum ba ne. Ba ya amai, ba ya iya ce maka tafin ƙafarsa na yi masa kamar ana soka allura, ba ya cewa kansa na juyawa. A shekarar 2000 aka wallafa wani nazari a kan magunguna 150 da suka yi wa mutane illa, aka waiwaya a ga ko dabbobi sun nuna alamar tun farko. In aka haɗa dangin ɓera da sauran dabbobi, an hango kashi 71 cikin ɗari. Dangin ɓera su kaɗai, kashi 43. Ke nan akwai abin da ke sulalewa.

Ga misali daga wata bishiya ta ƙasar Sin. A 1966 wasu masu bincike biyu a Amurka, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka ciro sinadarin kamtotesin daga jikinta. A jikin ɓeraye masu sankarar jini ya yi aiki kamar almara. Da aka kai ga mutane a farkon shekarun 1970, sai ga fitsarin jini da gudawa mai tsanani, amfanin kuma kaɗan. Dalili? Sinadarin ba ya narkewa a ruwa, sai aka sauya masa siffa don ya shiga allura. Sabuwar siffar ta rage masa ƙarfi a cikin jini, amma da ya isa mafitsara ya gamu da tsamin fitsari, sai ya koma siffarsa ta asali ya riƙa cin bangonta. Aka ajiye shi fiye da shekara goma. Sai a 1985 aka gane yadda yake aiki, aka gyara shi, a tsakiyar shekarun 1990 jikokinsa biyu suka fito a matsayin magungunan da ake amfani da su har gobe.

Su dai waɗannan mutum biyu ne suka ware sinadarin da duniya ta sani da suna Taxol, daga ɓawon wata bishiya da aka sassaƙo a dajin arewa maso yammacin Amurka a 1962. Shekara talatin cif aka yi kafin a amince da shi, a ƙarshen 1992. Shi ma ba ya narkewa a ruwa, sai aka narka shi a wani mai da aka sarrafa daga man zurma. An san wannan man yana firgita jikin kare, hawan jininsa ya faɗi. Da aka fara ba mutane a 1984, wasu numfashinsu ya sarƙe cikin 'yan mintoci, har aikin ya kusa rushewa. Abin da ya cece shi shi ne aka koma ɗiga maganin sannu a hankali, ana kuma fara ba majiyyaci magungunan kwantar da borin jini. Yau mata masu sankarar mama da ta ƙwan mahaifa suna samunsa a asibitocinmu, ga mai halin saye.

Shekara talatin, jama'a. Ku riƙe wannan adadi, mu dawo gida.

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna a Nijeriya sama da mutum 120,000 ke kamuwa duk shekara, sama da 70,000 ke rasuwa. Magani tsada, asibiti nisa, na'urar gashi ƙalilan. Wanda ya koma ga sassaƙe da jiƙo, ni ban ga laifinsa ba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ina da wata gwaggo, Allah Ya jiƙanta, da aka gano mata ƙari a nono. Aka kawo mata jarkoki na wani tsimi baƙi ƙirin, aka ce safe da yamma kofi guda, wata uku. Ba ta cika wata biyu ba ƙafafunta suka kumbura, fitsari ya ɗauke. Da muka kai ta asibiti likita ya kira ni gefe ya ce, "Malam, yanzu ba dajin ne a gabanmu ba, ƙoda ce." Ban san abin da ke cikin jarkar nan ba, kuma na yi imani wanda ya sayar mana ma bai san adadin abin da ke cikinta ba. Na riƙe kofin da hannuna na ba ta. Wannan yana nan a raina.

Abin da ya fi damuna kuwa ba mai jarka ba ne, mu ne masu boko. A sassan haɗa magunguna na jami'o'inmu, daga Zariya zuwa Kano zuwa Sakkwato zuwa Maiduguri, akwai matasa masu ƙwazo da ke nazarin itatuwanmu, kuma ina jinjina musu, don sau da yawa da kuɗin aljihunsu suke sayen ɓerayen da abincinsu. Amma dubi inda aikin ke tsayawa. Ɗalibi ya jiƙa ganye, ya ɗiga a kan ƙwayoyin daji a cikin faranti, suka mutu. Ya yi gwajin ɓeraye goma sha uku, babu wanda ya mutu a miligiram 5000, ya rubuta cewa ganyen ba shi da haɗari. Ya karɓi digiri, kundin ya hau kanta ya yi ƙura. Bayan kwana biyu ka ji a WhatsApp cewa jami'a ta gano maganin kansa, mai lasifika ya ɗauka ya ƙara gishiri. Alhali kashe ƙwayar daji a faranti ba abin mamaki ba ne, ruwan wankin bilic ma zai kashe ta. Rashin mutuwar ɓera cikin kwana guda kuma bai ce komai ba game da ƙodar matar da za ta sha kofi biyu kullum har wata uku.

In kuna son shaida, ga ta daga Beljiyam. A farkon shekarun 1990 mata fiye da ɗari a birnin Burasal suka kamu da ciwon ƙoda mai tsanani bayan shan wani haɗin ganyen rage ƙiba da aka cakuɗa da wani tsiro bisa kuskure. Da yawansu sai wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya ciwon daji ya fito musu a hanyar fitsari. Abin takaicin, tun farkon shekarun 1980 gwajin dogon zango a Jamus ya nuna sinadarin wannan tsiro yana haddasa daji a jikin ɓeraye. Ɓera ya yi gargaɗi shekara goma kafin nan. Kuma dangin wannan tsiro suna nan a dajinmu, duman dutse na cikinsu.

Haka nan lambar NAFDAC da kuke gani a kwalbar maganin gargajiya. Ku juya kwalbar ku karanta ƙananan rubutun, za ku ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Abin da aka duba shi ne tsabta da alamun cutarwa na farko. Ba shaidar cewa yana warkar da daji ba ce.

Saura magana ɗaya da ba zan tsallake ba, ita ce ta dabbobin kansu. Na taɓa shiga ɗakin da ake ajiye su, na ga ɓera ya takure a kusurwar keji, gashinsa ya tashi, idonsa a lumshe. Rai ne, kuma yana jin zafi. Mu da aka tarbiyyantar da mu da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, aka kuma hore mu da wasa wuƙa don kada dabbar yanka ta wahala, bai kamata sai Turawa sun koya mana tausayin dabbar gwaji ba. Su ma sun daɗe suna kai-kawo a kan batun. Tun 1959 wasu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'ida: inda za a iya maye gurbin dabba da wani abu a maye, inda ba za a iya ba a rage yawansu, waɗanda suka rage a sassauta musu azaba. A 2002 ƙungiyar ƙasashe masu arzikin masana'antu ta soke tsohon gwajin kashe rabi daga jerin ƙa'idojinta, ta kawo hanyoyin da ke cin dabbobi kaɗan. A ƙarshen 2022 Amurka ta cire tilascin gwajin dabba daga dokar magungunanta, ta buɗe ƙofa ga gwaji a kan tsokar ɗan Adam da aka raina a ɗakin bincike da kuma lissafin kwamfuta. Ina maraba da wannan. Sai dai har yanzu faranti ba shi da hantar da za ta juya sinadari ya zama wani abu dabam, ba shi da ƙodar da za ta tace, ba shi da mafitsara mai tsamin fitsari. Kafin a kai can, ra'ayina shi ne a yi gwajin, amma a yi shi yadda ran da aka ɗauka zai biya buƙata. Ɓeran da aka kashe a gwajin da ba a tsara da kyau ba, ba a auna yawan sinadarin ba, ba a ma tabbatar da sunan itacen ba, wannan ɓarna ce, kuma za a tambaye mu.

Shi ya sa nake kira ga asusun TETFund da ke tallafa wa binciken jami'o'i, da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, da su kansu shugabannin sassan: maimakon a yi wa itatuwa ɗari gwajin kwana ɗaya, a zaɓi biyar mafiya alama a bi su har kwana 90, a cikin dabba iri biyu, a ɗakin da ke da wuta da sanyi da likitan dabbobi. A zauna da masu maganin gargajiya na gaskiya a ji yadda suke bayarwa da tsawon kwanakin, a gwada daidai wannan, sannan a koma a faɗa musu sakamakon da Hausa, ko daɗi ko ɗaci. In an ga itacen na cin ƙoda, wannan ma sakamako ne, a shelanta shi a rediyo kamar yadda za a shelanta in an ga yana warkarwa.

Ke kuma uwar da ɗanki ke karɓar binkiristin a asibiti yanzu haka, in ya ce yatsunsa na masa ɗinɗiris, ko ya kwana biyu bai yi bayan gida ba, ko kika ga yana jan ƙafa, kada ki tsorata ki ɗauke shi ki tafi gida. An san waɗannan alamu tun shekarun 1960, kuma likita na da abin yi a kansu, ya rage adadin ko ya jinkirta zama na gaba. Ki faɗa masa da wuri. In kuma akwai wani jiƙo da kakarsa ke ba shi a ɓoye, ki ɗauko kwalbar ki kai wa likitan ya gani.